Siffar Ƙwayar Dalma da Bindiga Mai Liba: Tarihin Wani Zaɓi a Amurka

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga silima ya kalli fim ɗin kaboyi ya san wata doguwar bindiga wadda maharbi kan ja wani ƙarfe da ke ƙarƙashinta zuwa ƙasa, ya mayar da shi sama, sa'an nan ya sake harbi ba tare da ya tsaya ɗuri ba. Wannan ƙarfe shi ne liba, ita kuwa bindigar ana ce da ita bindiga mai liba. A ƙasar Hausa ba a saba ganinta hannun mafarauta ba, domin Yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta taƙaita sayar da bindigogin zamani a mafi yawan Afirka, aka bar jama'a da bindigar toka. A Amurka kuwa, inda aka ƙago ta, ta haura shekara 160 ana aiki da ita, kuma har yanzu akwai masu narka dalma su zuba wa irin wannan bindiga harsashi da hannunsu.

Tambayar da kan fuskanci irin waɗannan mutane ita ce, wace siffa ya kamata a ba ƙwayar dalmar? Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa kowace siffa da ake da ita a yau amsa ce ga wata matsala da ta taso a wani zamani, kuma wanda ya san matsalar ba zai sha wahalar zaɓi ba.

Kafin a yi nisa, ya dace a daidaita kalmomi. Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanso na tagulla, da albarushin da ke cikinsa, da 'yar hular wuta a gindinsa wadda ke kunna albarushin in an buge ta, sa'an nan da ƙwayar da ke bakinsa, wadda ita ce ke fita ta sami abin hari. A nan, in an ce harsashi ana nufin duka huɗun, in an ce ƙwaya ana nufin dalmar kaɗai. Bindigar kuma bututu biyu gare ta: na sama, wanda ƙwaya ke bi, shi ne bututun wuta, na ƙasa, inda harsasai ke jere suna jiran layi, shi ne ma'ajiya.

Mafari: Henry da Winchester

A watan Oktoba na 1860 wani maƙeri mai suna Benjamin Tyler Henry, wanda ke yi wa Oliver Winchester aiki a birnin New Haven na Jihar Connecticut, ya sami takardar mallakar fasahar bindigar da ta ɗauki sunansa. Ma'ajiyarta na cin harsashi 15, a lokacin da yawancin sojan duniya ke ɗura bindiga ta baki, ɗaya bayan ɗaya. An yi amfani da ita a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Ƙanwarta, watau Winchester ta 1866, ta kai har Gabashin Turai, inda rundunar Daular Usmaniyya ƙarƙashin Osman Pasha ta yi wa sojan Rasha ɓarna da ita a Plevna cikin 1877.

Sai dai harsashin waɗannan bindigogi biyu yana da aibi ga mutumin ƙauye. Sinadarin kunna wutarsa a cikin leɓen gindin kwanson aka shafa shi, saboda haka da an harba sau ɗaya kwanson ya tashi aiki. Wanda ke zaune kwana da kwanaki daga tashar jirgin ƙasa ba shi da abin yi sai jiran fatake.

Shekarar 1873: Harsashi Ɗaya, Bindiga Biyu

An warware wannan matsala cikin 1873, sa'ad da kamfanin Winchester ya fito da sabuwar bindiga tare da harsashin da aka fi sani da .44-40. Lambar farko na nuni ga kaurin ƙwayar a ma'aunin inci, ta biyu ga nauyin albarushi a ma'aunin giren, watau giren 40, kimanin giram 2.6. Ƙwayar kanta giren 200 ce, kusan giram 13. Babban sauyin shi ne an mayar da hular wuta tsakiyar gindin kwanso, inda za a iya cire tsohuwa a sa sabuwa. Daga nan kwanso ya zama jari. Manomi ko makiyayi kan sayi dalma da albarushi da huluna, ya narka dalma a kan murhu, tun da ba ta bukatar zafin da ya wuce digiri 327 a ma'aunin Salsiyas, ya zuba a mazubi, ya sake ɗura kwansonsa sau da yawa.

Wajen 1878 kamfanin Colt ya fara ƙera libarbarsa a kan wannan harsashi. Ta haka matafiyi ya sami damar riƙe doguwar bindiga da ƙarama, amma guzurin harsashi iri ɗaya. Wannan shi ne asalin abin da ake kira doguwar bindiga mai cin harsashin libarba. Harsasan .38-40 da .32-20 sun biyo baya a kan wannan tafarki. An ƙera Winchester ta 1873 fiye da 700,000.

To, amma ruwa ba ya tsami banza. Mayar da hular wuta tsakiya ya haifar da wani haɗari. A cikin ma'ajiya harsasai a jere suke, kan na baya yana dafe da gindin na gaba, ga kuma sifirin yana tura su. Idan ƙwaya mai tsini ce kuma mai tauri, tsinin nata kan hular na gaba yake zaune daidai. Shurin da bindiga ke yi sa'ad da aka harba, ko faɗuwarta ƙasa, na iya sa tsinin ya yi aikin da allurar bindiga ke yi, harsashi ya tashi a cikin ma'ajiya, inda hannun hagun maharbi yake. Maganin da aka samu shi ne a sare tsinin, a bar wa ƙwaya shafaffen goshi mai faɗin da zai raba nauyin, kada ya taru a kan hular. An san shafaffen goshi tun zamanin Henry, amma daga 1873 ya zama tilas.

Ba Amurkawa kaɗai suka gamu da wannan ba. Bindigar sojan Faransa ta 1886, watau Lebel, ita ma ma'ajiyar bututu gare ta, kuma da ƙwaya mai shafaffen goshi ta fara. Da Faransawa suka koma ƙwaya mai tsini daga 1898, sai da suka yi wa gindin kwanso wata tsaga zagaye da hular, domin tsinin na baya ya faɗa ciki.

Abu na biyu da ya tsara siffar ƙwayar 1873 shi ne hanyar da harsashi ke bi daga ma'ajiya zuwa ɗakin wuta. A wannan bindiga wani ɗan akwati na tagulla ne ke karɓar harsashi ya ɗaga shi sama a miƙe. Idan harsashi ya cika tsawo akwatin ba zai tashi ba. Idan ya gaza, na bayansa zai cuso kai ya tokare. A Winchester ta 1892, wadda John Moses Browning ya tsara, da Marlin ta 1894, harsashi a karkace yake hawa, yana goga kai a bakin ɗakin wuta kafin ya miƙe. Saboda haka aka ba ƙwayar kafaɗa mai santsi, lanƙwasasshiya kamar kan ƙwai, wadda ta ƙare da shafaffen goshi. Wannan ita ce siffa ta farko, uwar sauran.

Abu na uku shi ne tokar baƙin albarushi, wadda kan daskare a cikin bututun wuta. Don haka aka yi wa jikin ƙwaya tsaga mai zurfi da za a cika da maiko na kakin zuma da kitse, ya riƙa tausasa tokar har ƙarshen bututu mai tsawon inci 24.

Albarushi Marar Hayaƙi

A cikin 1884 abubuwa biyu suka faru. A Faransa, Paul Vieille ya gano albarushi marar hayaƙi. A New Haven kuwa, John H. Barlow ya kafa kamfanin Ideal domin ƙera mazubai da kayan ɗurin hannu. Littafin jagora na wannan kamfani ya zama makarantar masu zuba dalma, kuma lambobin da ya ba mazubansa sun rayu bayan kamfanin Lyman ya saye shi cikin 1925.

Sabon albarushi ya iso harsasan bindiga mai liba daga tsakiyar shekarun 1890, ya kuwa zo da nasa sharaɗin. Baƙin albarushi kan cika kwanso fal, har ƙwaya ta zauna a kansa, ba ta da inda za ta nutsa. Marar hayaƙi kuwa kaɗan ake sawa, sauran kwanson fanko ne. Sifirin ma'ajiya da shurin bindiga na iya tura ƙwaya ciki, kuma in fili ya ragu ƙarfin iskar wuta kan hau fiye da kima. Tsofaffin mazubai ba su da wurin da bakin kwanso zai kama ƙwaya ya hana ta komawa ciki. Dole aka ƙara wata siririyar tsaga kusa da kafaɗa, wadda ake matse bakin kwanso a cikinta. Mai zaɓen mazubi a yau yakan fara duba wannan tsaga da inda aka sa ta, gama ita ce ke yanke tsawon harsashi.

Daɗin daɗawa, sabon albarushi ya ƙara gudu da zafi. Dalma zalla taushi gare ta; a ma'aunin tauri na Brinell ba ta wuce 5 ba. In iskar wuta ta sami hanyar kutsawa ta gefen ƙwaya sai ta zaizaye ta, ta shafe cikin bututu da dalma, saiti ya lalace. An bi hanya biyu wajen magani. Ta farko ita ce gauraya: haɗin da ake kira Lyman lamba 2, mai dalma kashi 90, kuza kashi 5, antimoni kashi 5, yana kai tauri 15. Ta biyu, wajen 1905 zuwa 1906 Barlow ya fito da wani ɗan kofi na jan ƙarfe da ake sa wa gindin ƙwaya kamar takalmi, ya kare shi daga wuta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu zuba dalma sun dogara ƙwarai da 'yan ƙarafan daidaita tayar mota da kuma ƙarfen haruffan maɗaba'a, wanda taurinsa ya kai 22.

Elmer Keith da Ƙwaya Mai Kafaɗa

Elmer Keith, wanda ya rayu daga 1899 zuwa 1984, makiyayi ne kuma marubuci da ya zauna a Jihar Idaho. Burinsa shi ne libarba ta zama makamin farautar manyan dabbobi. Wajen 1928 ya tsara ƙwayar da Lyman ya ba lamba 429421, mai nauyin kusan giren 250. Ya faɗaɗa goshinta, ya miƙar da wuyanta, sa'an nan ya bar wata kafaɗa mai kaifi inda wuya ya haɗu da jiki. Jikin yana da ɗamara uku masu faɗi ɗaya, da tsagar maiko babba, da tsagar matsi. Ya kuma sa kaso mai yawa na ƙwayar a wajen kwanso, domin a sami wurin albarushi. A cikin libarba wannan tsari ya yi kyau matuƙa: yana huda takardar gwaji da tsabta, yana ratsa nama da ƙashi a miƙe. Gwaje-gwajen Keith na cikin abin da ya kai ga .357 Magnum cikin 1935 da .44 Magnum wajen 1955 zuwa 1956.

Abin lura shi ne, libarba da yatsa ake ɗura ta, harsashi ɗaya a kowane rami. Ba ta da ma'ajiyar bututu, ba ta da gangaren da harsashi zai hau. Keith bai tsara ƙwayarsa da tunanin liba ba, kuma ba laifinsa ba ne da wasu suka kai ta inda ba a yi ta dominsa ba.

Magnum a Doguwar Bindiga

Da sababbin harsasan suka yi suna, tsohon ra'ayin nan na harsashi ɗaya bindiga biyu ya farfaɗo. Maƙera suka shiga sauya wa tsofaffin Winchester 1892 bututu. Kamfanin Marlin ya dawo da samfurin 1894 a kan .44 Magnum cikin 1969, da .357 Magnum cikin 1979. Ko .45 Colt, wanda ya girmi dukkansu amma ƙaramin leɓensa ya hana a sa shi a bindiga mai liba a ƙarni na 19, ya shiga cikinta a shekarun 1980.

Maharba suka ɗauko ƙwayar Keith da suka amince da ita, sai matsaloli suka bayyana. Na ɗaya, kafaɗar nan mai kaifi takan tokari bakin ɗakin wuta a wasu bindigogi, liba ta cije rabin hanya. Tsohon .44-40 yana da ɗan wuya siriri da ke yi masa jagora, amma kwanson Magnum miƙaƙƙe ne. Na biyu, tsawo. Iyakar da masana'antu suka amince da ita inci 1.610 ne ga .44 Magnum, inci 1.590 ga .357, dogon wuyan Keith kuwa yakan zarce haka. Na uku, gudu. Ƙwayar .357 mai giren 158 da ke fita libarba da kimanin ƙafa 1,250 a daƙiƙa tana iya kai 1,700 ko fiye a dogon bututu, kuma a nan ne takalmin jan ƙarfe na Barlow ke nuna amfaninsa.

Na huɗu ya shafi cikin bututun kansa. Bututun wutar irin waɗannan bindigogi yana da tsagogi a murɗe da ke sa ƙwaya ta riƙa juyi, ta tafi saiti. Daga 1953 Marlin ya koma yin tsagogi masu yawa marasa zurfi, waɗanda ya kira Micro-Groove. Suka yi ƙaurin suna cewa ba sa son dalma. Daga baya aka gane cewa yawancin laifin na kauri ne. Ƙwayar libarba ta .44 inci 0.429 ce ko 0.430, ma'aunin bututun doguwar bindiga kuwa 0.431 ne, saboda haka iska ke samun hanya ta gefe. Masu zuba dalma suka koyi tura ɗan curin dalma mai taushi ta cikin bututu su auna shi, sa'an nan su zaɓi ƙwayar da ta ɗara bututun da kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na inci. Duk da haka, a ƙarshen shekarun 1990 Marlin ya koma wa tsagogi shida masu zurfi a waɗannan samfurori. Haka nan murɗin da ya daɗe yana yi wa .44, watau juyi ɗaya cikin inci 38, ya dace da gajeriyar ƙwaya, amma yakan kasa tsayar da doguwa mai nauyin giren 300.

Komawa ga Tsohon Yayi

A farkon shekarun 1980 aka fara wata gasar harbi a kudancin Kalifoniya, wadda masu yin ta ke sa tufafin kaboyi suna harbin faifan ƙarfe da bindigogin ƙarni na 19 ko kwaikwayonsu. Ƙungiyarsu, SASS, an kafa ta cikin 1987. Dokokinta sun ce ƙwayar dalma kaɗai za a yi amfani da ita, kuma gudunta a doguwar bindiga kada ya wuce ƙafa 1,400 a daƙiƙa. A wannan gasa sauri shi ne kome, wanda libarsa ta cije sau ɗaya ya faɗi. Ba a daɗe ba 'yan gasa suka tattaru a kan lanƙwasasshiyar kafaɗa da shafaffen goshi, watau siffar 1873, an dai ƙara mata tsagar matsi. Kusa da ita akwai mai siffar mazurari da aka sare wa baki, wadda ita ma ba ta da abin tokarewa.

Mafarauta kuma suka sami tasu amsar a wannan zamani. Veral Smith, wani maƙerin mazubai a Idaho, ya yaɗa ra'ayin cewa faɗin goshi ne ke yin rauni, kafaɗar Keith ba ta da babban tasiri a jikin dabba. Ya tsara ƙwaya mai faffaɗan goshi marar kafaɗa. Ita ma tana da iyaka: in goshin ya cika faɗi yakan daki bakin ɗakin wuta, kuma iska na rage mata gudu da wuri.

Ta haka mai zaɓi a yau yake da siffa huɗu a gabansa. Lanƙwasasshiya mai shafaffen goshi ita ce ba ta cika ba da kunya ba a kowace bindiga mai liba. Mai siffar mazurari ta dace da harbin gwaji. Mai faffaɗan goshi ta farauta ce, in bindigar ta karɓe ta. Mai kafaɗa ta Keith kuwa sai an gwada. Masu wannan sana'a kan haɗa harsashi na banza, ba albarushi ba hula, su bi da shi ta cikin bindiga sau da dama kafin su sayi mazubi ko su zuba da yawa. Tun daga shekarun 2010 wasu sun bar maiko sun koma shafa wa ƙwaya fenti na gari da ake gasawa, amma wannan bai sauya dokar goshi da ta tsawo ba.

Dalma da Lafiyar Jama'a

Tarihin nan ba zai cika ba in ba a ambaci cewa dalma guba ce ba. Mutanen Nijeriya sun ga haka cikin 2010, sa'ad da ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a Jihar Zamfara. Tarayyar Turai ta hana 'yan ƙarafan taya na dalma daga 2005, wanda ya soma toshe wa masu zuba harsashi hanyar samun ta da arha. Jihar Kalifoniya, bayan an tabbatar cewa ungulayenta na mutuwa saboda cin gutsattsarin dalma a mushe, ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya daga Yuli 2019. Ke nan matsalar da za ta tsara ƙwayar gobe daga ofishin lafiya da majalisar dokoki take fitowa. A Nijeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta hana mallaka ko ƙera bindiga da harsashi ba tare da izini ba, saboda haka amfanin wannan tarihi a nan na ilmi ne.

Kammalawa

An ga yadda ma'ajiyar bututu ta kawo shafaffen goshi, hanyar ɗaga harsashi ta kawo santsin kafaɗa da iyakar tsawo, albarushi marar hayaƙi ya kawo tsagar matsi da takalmin jan ƙarfe. An kuma ga yadda ƙwayar da ta fi kowace suna a libarba ta cije a doguwar bindiga, ko da yake kwanso ɗaya suke ci. Hausawa sun ce kowace ƙwarya da abokiyar burminta.

Ɗalibin injiniya da ma'aikacin da ke sa hannu a takardar sayo injuna daga waje suna da abin ɗauka a nan. Sunan abu da shaidar da aka yi masa a wani wuri ba su isa hujjar sayensa ba. Sai an tambayi wace matsala aka yi shi domin ya warware, da wane inji aka gwada shi, kuma ko ma'auninsa ya yi daidai da na abin da ke hannu. Maharbin Amurka da ya ƙi yin waɗannan tambayoyi hasararsa kuɗin mazubi ɗaya ce, wani lokaci kuma yatsun hannu. Ma'aikatar da ta ƙi yin su hasararta ta jama'a ce.